Ciao da Servus: Gaisuwar da Na Bi Daga Addis Ababa Har Budapest

A tsakiyar watan Oktoba na 2024, lokacin da aka gama yankan gero a ƙauyukanmu kuma iskar kaka ta fara kaɗawa, na tashi daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa Italiya domin in ziyarci ɗan ƙanwata da yake karatun aikin gona a jami'ar birnin Padova. Bizar Shengen, wadda ake shiga ƙasashen Turai da yawa da ita, ta ci yuro 90, ban da ladan masu karɓar takardu, kuma a wancan lokaci yuro ɗaya ya haura naira 1,700, saboda haka duk kuɗin da zan ambata a wannan labari sai mai karatu ya riƙa auna shi da wannan ma'auni. Na shafe shekaru ina koyar da Hausa a makarantar sakandare, kuma wannan aiki ya bar mini ɗabi'ar kasa kunne ga yadda mutane suke gaisawa a duk inda na sauka.

Jirginmu ya yada zango a Addis Ababa, inda muka yi jiran sa'o'i kafin mu hau na Milan da tsakar dare. Ina zaune kusa da ƙofar fita sai ga wasu mata biyu masu share filin jirgin, ɗaya ta tashi daga aiki ɗaya tana karɓa, suka yi 'yar hira da harshensu, suka rabu suna cewa da juna "caw, caw". Na ɗauka kalmar Amharanci ce tun asali. A cikin jirgi na tambayi wani Bahabashe da muka zauna kujera ɗaya, mai aikin gini a Milan, ya ce mini ta Italiyawa ce, ta zauna a bakin mutanensu tun mamayar da Italiya ta yi wa Habasha daga 1936 zuwa 1941. Sojojin sun tafi, in ji shi, kalmar ba ta bi su ba.

Mun sauka a filin jirgin Malpensa da asuba. Jami'in shige da fice ya nemi takardar gayyata da tikitin dawowa, ya tambayi kwana nawa zan yi, ya buga hatimi. Daga nan jirgin ƙasa ne zuwa tsakiyar Milan, sannan wani jirgin na kimanin sa'a biyu zuwa Padova, inda ɗan ƙanwata ya tarye ni da rigar sanyi a hannu domin ya san babbar rigar da na sako ba za ta yi mini maganin komai ba.

Ɗakin da yake haya yana hawa na biyu a gidan wata dattijuwa da ta haura shekara saba'in, tsohuwar malamar makaranta da mijinta ya rasu. Tun daga tashar jirgi har ƙofar gidan kunnena bai huta da kalmar nan ba. Masu keke suna jefa ta ga juna, 'yan mata suna faɗarta sau biyar ko shida a jere kafin su kashe waya, yaro yana faɗa wa uwarsa, kuma na lura ita ce sallamar haɗuwa, ita ce kuma ta rabuwa. A rubuce "ciao" ce, amma a bakinmu "cawo" ko "cau" ta fi kusa. Saboda haka da dattijuwar ta buɗe ƙofa, na rusuna kaɗan na ce mata "ciao", ina nufin girmamawa. Ta ɗan yi jim, ta amsa da "buongiorno", ta miƙo mini hannu. Da muka shiga ɗaki ɗan ƙanwata ya ce mini, "Kawu, wannan gaisuwar ta abokai ce da 'yan gida ɗaya. Ba a yi wa babba ko wanda ba a sani ba, sai in shi ne ya fara." Abin ya dame ni ƙwarai, domin a wurinmu wanda ya ɓata gaisuwa ya ɓata zuwansa, don haka na nace sai da muka sauka da yamma na ba ta haƙuri.

Ba ta riƙe ni da komai ba. Ta zaunar da mu a ɗakin girkinta, ta kawo mana polenta da kifi, wanda ina ganinsa na gane tuwon masara ne, sai dai nasu ya fi namu ruwa kuma ana yanka shi da wuƙa idan ya huce. Muna ci tana magana, ɗan ƙanwata yana fassarawa. Ta ce in da shekara ɗari uku baya ne na yi mata wannan gaisuwa, da babu wanda ya fi ni ladabi a garin, domin asalin kalmar daga harshen mutanen Venice ne, inda suke cewa "s-ciào vostro", ma'ana "bawanku ne ni". Mai gaisuwa yana ƙasƙantar da kansa ne a gaban wanda yake gaisarwa, yana nuna masa cewa duk abin da ya umarta za a yi. Da tafiya ta yi tafiya sai aka yar da "vostro", bakin mutane ya goge farkon kalmar, ta koma "ciao". Masana harshen Italiya sun ce a 1818 aka fara ganin ta a rubuce, shi ya sa jaridun ƙasar suka yi ta rubutu a kanta a 2018 da ta cika shekara 200.

Na daɗe a daren nan ina juya maganar. Kalmar da aka ƙera domin mai gaisuwa ya ƙasƙantar da kansa ita ce yau ba ta halatta a yi wa babba. Amma da na duba gida sai na ga ba baƙon abu ba ne. "Ranka ya daɗe" gaisuwar fada ce, ga shi yanzu abokai a majalisa suna jefa ta ga juna cikin raha, kuma ɗan acaɓa yana kiran kowane fasinja "yallaɓai". Girmamawa idan ta yawaita a baki takan sanƙame, har ta kai inda sai an nemo wata sabuwa domin manya.

Kwana biyu bayan haka muka tafi Venice. Tikitin jirgin ƙasa kimanin yuro biyar ne, kuma dole a cusa shi a wata 'yar na'ura ta buga masa lokaci kafin a hau, in ba haka ba tara ce. Jirgin yana bin wata gada mai tsawon kusan kilomita huɗu a kan ruwa, hagu ruwa dama ruwa, har ya tsaya a tashar Santa Lucia. Ana fitowa daga tashar babu titi babu mota, sai kwale-kwale da jiragen ruwa na haya. Hawa ɗaya a jirgin ruwan yuro 9.50 ne, kuɗin da ya haura naira dubu goma sha shida, don haka muka hau sau ɗaya kawai, sauran yawon da ƙafa muka yi shi a lunguna masu ƙunci da suka tuna mini da cikin birnin Kano, in ban da cewa nan kowane lungu ƙarshensa ruwa ne.

Kusa da dandalin San Marco akwai wata doguwar gaɓa mai faɗi da ake kira Riva degli Schiavoni, kuma a nan ne rabi na biyu na labarin kalmar ya bayyana mini. "Schiavoni" suna ne da mutanen Venice suke kiran mutanen Dalmatiya, gaɓar tekun da take cikin Kuroshiya a yanzu, waɗanda suke kawo jiragensu su ɗaure a wannan wuri suna ciniki. Waɗannan 'ya'ya ne ba bayi ba, fatake da matuƙa, har suna da ƙungiyarsu da suka kafa a 1451, wadda gininta yake nan har yau. Amma sunan nasu da kalmar "schiavo", wato bawa, tushensu ɗaya ne. Dukansu daga sunan al'ummomin Slav suka fito, waɗanda zan kira Silabawa, wato kakannin Rashawa da mutanen Poland da Cek da Sabiya da Kuroshiya da Sulobeniya. Rumawan gabas sun ari sunan zuwa Girkanci, daga nan ya shiga Latin a matsayin "sclavus". Da yake a ƙarni na 9 da na 10 an yi ta kama Silabawa ana sayarwa a kasuwannin Turai da na tekun Bahar Rum, sai sunan ƙabila ya zama sunan bawa kowane iri ne. Daga nan Ingilishi ya sami "slave", Faransanci "esclave", Jamusanci "Sklave", Sifaniyanci "esclavo".

Ba zan ɓoye ɓangaren da ya shafe mu Musulmi ba. Da yawa daga cikin waɗannan bayi a Andalus aka saye su, kuma littattafan Larabci suna kiran su Saƙaliba. A fadar Ƙurɗuba sun zama dogarai da manyan ma'aikata, har bayan rushewar halifancin a farkon ƙarni na 11 wasunsu suka mulki garuruwa irin su Denia da Almeriya. Bakano ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan, domin ya san Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, sarautun bayin sarki da ƙarfinsu ya fi na hakimai da yawa. Venice kanta ta ci gaba da fataucin bayi daga bakin Baƙin Teku, ta garin Tana, har cikin ƙarni na 14 da na 15. Na tsaya a kan duwatsun gaɓar nan, masu yawon buɗe ido suna ta ɗaukar hoto, wani matuƙin kwale-kwale ya ɗaga wa abokinsa hannu ya ƙwala masa "ciao", ni kuwa abin da nake ji a cikin kalmar shi ne mutanen da aka raba da garuruwansu har sunansu ya zama sunan hajar da ake sayarwa. Na tuna da kasuwar Kurmi, wadda aka sayar da mutane a cikinta har zuwa 1903, da kalmomin da suka rage mana daga wancan zamani, kuyanga da bacucane da ɗimajo, waɗanda har yanzu sukan tashi idan ana maganar aure a wasu gidaje.

Ɗan ƙanwata yana da hutun kwana biyar, sai na roƙe shi mu bi kalmar zuwa ƙasar masu sunan. Jirgin ƙasa ya kai mu Trieste cikin kimanin sa'a biyu, garin da ya zauna ƙarƙashin sarakunan Habsburg na Ostiriya daga 1382 har 1918, kuma iskarsa mai suna bora ta hana mu tsayawa bakin teku. Daga nan muka hau bas zuwa Ljubljana, babban birnin Sulobeniya, tafiyar sa'a ɗaya da rabi. Ba a tsayar da mu a kan iyaka ba, amma mun ga jami'ai suna duba motocin da suke shigowa Italiya, domin tun Oktoban 2023 ƙasar ta dawo da bincike a wannan iyaka duk da cewa ƙasashen biyu suna cikin Shengen.

A Ljubljana mun kama ɗaki mai gado biyu a kan yuro 65. Mun yi sallar Juma'a a babban masallacin birnin, wanda aka buɗe a 2020, kuma mafi yawan masallatan 'yan asalin Bosniya ne. A wajensu muka sami abinci da hankalinmu ya kwanta da shi, domin a wannan yanki naman alade yana shiga abincin da ba ka zata ba. Mun ci burek, wata irin fanke mai ɓawo-ɓawo da ake cusa wa nama ko cuku, da ćevapi, 'yan mulmulallen niƙaƙƙen nama da ake gasawa a kan garwashi a ci da ɗanyar albasa, wanda ƙamshinsa ya kai ni wurin mai tsire. A gefen kogin da ya ratsa garin na ji samari suna rabuwa da "čao", da bakinsu, da harufansu.

Washegari a jirgin ƙasa mai zuwa Vienna, tafiyar kimanin sa'a shida, muka zauna da wata ɗaliba 'yar Sulobeniya da take karatu a birnin Graz na Ostiriya. Na tambaye ta ko ta san asalin gaisuwar. Ta ce ta sani, an taɓa gaya musu a makaranta, amma ba ta taɓa tuna shi a lokacin da take faɗar kalmar ba. Sannan ta ƙara mini abin da ya fi komai zama a raina. A wurin masana da yawa, in ji ta, sunan Silabawa daga "slovo" yake, wato kalma ko magana, ma'ana su ne mutanen da maganarsu take fahimtuwa, shi ya sa suke kiran Jamusawa "Nemci", wato bebaye. Na gaya mata Larabawa ma haka suka kira waɗanda ba sa jin harshensu Ajamawa, kuma daga nan muka sami sunan rubutunmu na ajami. Ga al'umma ta kira kanta masu magana, baƙi suka mayar da sunan ya zama bawa, mutanen Venice suka mayar da bawa ya zama gaisuwa, sannan gaisuwar ta tsallaka iyaka ta dawo bakin jikokin masu sunan. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce kakarta ba ta taɓa son kalmar ba, amma ba don wannan dalili ba, don dai ta Italiyawa ce, kuma garinsu ya sha wuya a hannun Italiya a lokacin yaƙin duniya na biyu.

A Spielfeld, tashar farko cikin Ostiriya, jami'ai biyu suka shigo taragonmu suna duba takardu. Wanda ya zo wurina ya ce "Grüß Gott", ya karɓi fasfo, ya daɗe yana duba bizar yana haɗa hoton da fuskata, ya tambayi inda za mu kwana, sai da ɗan ƙanwata ya nuna masa katin zamansa na Italiya da takardar masauki sannan ya miƙo mini. Babu wanda ya nemi na goro, babu wanda ya ɗaga murya, amma mintunan nan sun yi mini tsawo. Da suka zo sauka sai na ji ya ce wa mai duba tikiti "servus", cikin sakin fuskar da bai yi mini ba. Ɗalibar ta kalle ni ta ce, ga ɗan'uwan kalmarka nan.

"Servus" Latin ce tsantsa, ita ce tsohuwar kalmar Rumawa ta bawa tun kafin "sclavus" ta zo ta ture ta, kuma ta zama gaisuwa ta hanyar da "ciao" ta bi, daga cewa "ni bawanka ne mai ƙanƙan da kai". Fafaroma Gregory na Ɗaya, wanda ya riƙe muƙamin daga 590 zuwa 604, ya kira kansa "servus servorum Dei", bawan bayin Allah, kuma magadansa suna amfani da laƙabin har yau. Wannan bai yi mini baƙo ba ko kaɗan, mu da muke kiran wanda ba mu sani ba "bawan Allah", muke raɗa wa 'ya'yanmu Abdullahi da Bawa. Bambancin da na gani shi ne mu mun fi jingina bautar ga Allah, ko ga sarki a cikin fada, su kuwa sun miƙa ta ga duk wanda suka haɗu da shi a hanya har ta rasa nauyinta. Idan ka bi inda ake cewa "servus", kusan taswirar tsohuwar daular Habsburg za ka zana, da yankin Bavariya na Jamus a gefe, domin ana jin ta a Ostiriya da Sulobakiya da arewacin Kuroshiya da yankin Transilvaniya na Romaniya, Poland kuma suna rubuta ta "serwus". Can arewa mutanen Suwidin sun yi irin wannan da nasu harshen, inda "tjänare", wato bara, ta gajarce ta zama "tjena", gaisuwar samari.

Jirgin ya hau duwatsun Semmering a kan layin dogon da aka buɗe a 1854, muna shiga rami muna fita, ganyayen itatuwa duk sun koma ja da rawaya. A Vienna ɗaki ya ci yuro 90, ruwan famfo kuwa ya fi na roba daɗi, daga duwatsu ake jawo shi. Kwana biyu muka yi, muna cin abinci a kasuwar Brunnenmarkt wajen Turkawa. A shaguna "Grüß Gott" ake yi mana, tsakanin abokai "servus", wajen rabuwa kuma na ji "ciao" da "tschüss". Na zaci waɗannan biyun 'yan gida ɗaya ne saboda kamar sauti, ashe "tschüss" daga "adieu" take, wato na bar ka da Allah. Na kuma lura cewa Jamusawa wajen rabuwa kawai suke amfani da "ciao", kamar yadda mutanen Brazil da Ajantina suke yi da "tchau" da "chau" da 'yan ci-ranin Italiya suka kai musu.

Budapest ita ce zangonmu na ƙarshe, ƙasa da sa'a uku daga Vienna. Harshen Hangari ba shi da dangantaka da Latin ko Jamusanci ko harsunan Silabawa, amma kalmar ta shige shi ta zauna daram. Suna rubuta ta "szervusz", kuma sun yi mata jam'i da nasu ɗafin, idan mutane suna da yawa sai a ce "szervusztok", kamar yadda muke mayar da sannu ta zama sannunku. Mai masaukinmu, wani dattijo mai gashin baki, ya gaida ɗan ƙanwata da "szervusz" domin yaro ne a wurinsa, ni kuma ya yi mini gaisuwar manya. Da safe na ji jikarsa ta shigo ta ce masa "csókolom", wadda aka fassara mini da "ina sumbatar hannunka", kuma ita ce gaisuwar yara ga manya.

Mun dawo Italiya da bas na dare, jami'ai suka tashe mu sau biyu a hanya suna duba fasfo, muka iso Padova da ƙafafu a kumbure. Na ƙara kwana huɗu a gidan, kullum da yamma ina sauka wurin dattijuwar mu sha shayi, ina ba ta labarin abin da na ji a hanya, tana tambayata yadda ake gaisuwa a Kano. Na koya mata "sannu" da "ina kwana" da "sai an jima", ta rubuta su a bayan wata ambulan, kuma ta yi mamaki da na gaya mata cewa gaisuwar safe a wurinmu tana iya kai minti biyu, ana tambayar gajiya da iyali da sanyi kafin a zo kan abin da ya kawo mutum. Na ba ta turmin atamfa da ƙanwata ta aiko mata da shi saboda riƙon da take yi wa ɗanta.

Ranar tafiyata ta rako mu har bakin ƙofa da sandarta. Na shirya "arrivederci", wadda ɗan ƙanwata ya koya mini a matsayin sallamar da ta dace da babba, amma ta riga ni, ta kama hannuna da hannayenta biyu ta ce, "Ciao, professore." Na amsa mata da irinta. A tashar jirgi ɗan ƙanwata ya ajiye jakata, ya durƙusa a gaban mutane kamar yadda aka koya masa a gida, ya ce, "Kawu, Allah ya kiyaye hanya, a gaida Umma." Washegari da azahar na sauka a Kano, hazon hunturu ya riga ya fara rufe gari.